Riyal Mai Kan Sarauniya: Nazari a Kan Ƙarancin Lafiyayyen Kuɗin Azurfa a Nguru da Gashuwa

Masu nazarin tsofaffin kuɗi sun kasa ƙaranci gida biyu, wato ƙarancin adadi, inda tun asali kaɗan aka buga, da ƙarancin lafiya, inda aka buga da yawa amma ƙalilan ne suka tsira daga gogewa da huji da tabo. Suna auna lafiyar da ma'aunin Sheldon, wanda ya fito a Amurka a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70, kuma daga 60 zuwa sama yana nufin kuɗin bai taɓa yawo a hannun jama'a ba. Dalar Morgan ta Amurka ta nuna bambancin a fili, domin wadda aka buga a San Francisco a 1893 guda 100,000 ce kacal, alhali ta Philadelphia ta 1901 ta kusa miliyan 7, amma da yake yawancinta ta shiga kasuwa ko an narkar da ita, samun mai cikakkiyar lafiya yana da matuƙar wuya.

A ƙasar Barno ta yamma, wadda Nguru ta kasance mazaunin Galadimanta, da ƙasar Bade, wadda Gashuwa ke zaman fadarta a yau, kuɗin da wannan nazari ya shafa shi ne riyal, wanda Barebari ke kira gursu, mai ɗauke da kan Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. An fara buga shi a 1741, nauyinsa giram 28 da ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 na jikinsa azurfa ce, kuma fataken Sahara ne suka shigo da shi ta hanyar Tarabulus da Fezzan. Lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500.

Ƙaunar da mutane suka yi wa riyal ita ce ta cinye lafiyarsa, domin a nan ya zama kuɗi da ado da ajiya gaba ɗaya. Matan Barebari da Fulani da Shuwa sukan sa a huda shi ko a liƙa masa kunne don ratayawa a wuya ko a kitso, maƙeran fari kuma sukan narkar da shi su ƙera zobe da munduwa da kayan adon doki, musamman bayan da Turawan mulki suka hana shigo da shi, Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma ta fitar da sulallanta a 1913, jirgin ƙasa kuma ya iso Nguru a wajen 1930 da sabon ciniki na gyaɗa da fatu. Wanda ya kuɓuta daga wutar maƙeri yakan faɗa hannun mai wanke shi da toka ko tsamiya, abin da ke kankare ƙyallin asali, wato sheƙin da bugun inji ke bari a fuskar ƙarfe, wanda idan ya tafi ba ya dawowa. Tun a wancan zamani ma fatake sukan duba ɗigon lu'ulu'un da ke kambin sarauniya da maɓallin kafaɗarta, su rage wa wanda ya goge daraja.

Babban abin da ke ruɗar mai neman riyal shi ne shekarar da ke jikinsa. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma saboda kasuwanni sun saba da shi aka ci gaba da buga shi da wannan shekara a Gunzburg da Biyana da Milan da Venice, daga 1935 kuma a Rum, sannan Landan da Paris da Bombai, har jimillar ta kai ɗaruruwan miliyoyi, kuma Biyana ba ta daina ba. Saboda haka riyal mai walƙiya da ke ɗauke da 1780 galibi sabon bugu ne, wanda farashinsa bai wuce na azurfarsa da yawa ba. Waɗanda suka fi wuyar samu da lafiya su ne bugun kafin 1765, lokacin da sarauniyar ba ta sa mayafin takaba ba, sai na tsakanin 1765 da 1780, sai bugun farko-farko na bayan rasuwarta, waɗanda ake ganewa ta ƙananan bambance-bambance a haruffa da rubutun gefe da gashin wutsiyar mikiyar da ke jikin riyal ɗin.

Duk da haka, ma'aunin Sheldon ba ya iya auna dukkan abin da riyal ya ƙunsa a wannan yanki, domin huji da kunnen da ke zubar da farashinsa a kasuwannin Turai su ne shaidar cewa ya shiga sadaki da gado da adon amare. Wajibi ne gidajen da suka gaje shi su daina wanke shi, su ajiye kowanne daban nesa da damshi, su kuma rubuta sunan wadda aka gada daga gare ta da garin da ya fito, domin da wannan bayani ne masu tarihi za su iya bin sawun azurfar da ta ratsa Nguru da Gashuwa.