Farautar Ƙas-ƙas a Cikin GNU Radio

A shekarar 2001 Eric Blossom ya fara GNU Radio, manhajar da ke mayar da kwamfuta rediyo. Ana jona 'yar na'ura irin RTL-SDR, ta kamo sigina daga iska, ta mayar da shi lambobi sama da miliyan 2 a daƙiƙa guda. Sai a jera tubalai a kan allo: wannan ya tace, wancan ya fitar da murya. Rubutun manhajar a buɗe yake, kowa na iya karantawa ya gyara.

A ce mutum ya kamo tashar FM, yana jin ƙas-ƙas jefi-jefi cikin sautin. Rago zai rubuta “ba ta aiki”, ya kama gabansa. Gwani kuwa zai gyara zama.

Da farko zai cire eriya, domin abin da ke iska ba ya maimaituwa. A madadinta zai sa tubalin da ke ƙirƙiro sauti tsantsa, mai kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa. In ƙas-ƙas ɗin na nan, to laifin na cikin gida ne. Daga nan zai riƙa zare tubalai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman inda jarka ke yoyo, har ya rage uku kacal.

A nan ilimin yake. Manhajar kashi-kashi take karɓar lambobi, kuma tubalin tacewa na buƙatar wutsiyar kashin da ya wuce kafin ya lissafa na yanzu. In aka yi kuskuren lamba ɗaya tak a mahaɗar, zanen sautin zai karye, kunne ya ji ƙas.

Yaushe ɓarnar ta shigo? Umarnin git bisect na raba tarihin sauye-sauyen manhajar gida biyu, a gwada tsakiya, a sake rabawa. Cikin sauye-sauye 1,000, gwaji 10 ya isa a kama mai laifi.

Sai yanzu zai rubuta rahoto a GitHub, shafin da ake ajiye rubutun manhajar: zubin manhajar da yake amfani da shi, irin kwamfutarsa, ɗan tsarin tubalai ukun nan, abin da ya zata da abin da ya gani. Wanda ke wata nahiya zai iya tayar da matsalar cikin minti guda.

Kafin ya taɓa gyara, zai rubuta ɗan gwaji da harshen kwamfuta na Python wanda ke faɗuwa muddin ɓarnar na nan. Sannan ya gyara layin da ke da kuskuren a harshen C++, ya sa hannu da sunansa, ya miƙa wa masu kula da manhajar. Su duba, su ce a sake nan, ya sake ba ƙorafi.

Gyaran kansa wataƙila layi ɗaya ne. Amma gwajin nan ya zama mai gadi: duk wanda ya kawo sabon sauyi, sai an gudanar da shi, kuma in tsohon kuskuren ya leƙo, a take za a gan shi.