Ɗan daudu ma yana da wuri a tatsuniyar fim

A Turai da Amurka matasa masu shirya gajerun finafinai sun shiga sake ƙera tsofaffin tatsuniyoyinsu. Cinderella ta bar ɗan sarki ta zaɓi mace ƴar uwarta, ko yarima ya gane cewa kayan mata ne ke kwantar masa da rai. A nan Dogon Dutsi, da an kawo zancen sai ka ji an ce "abin Nasara ne", a rufe bakin magana. Ni ina ganin mun yi gaggawar rufewa.

Sake ƙera labari don fim ba baƙon abu ba ne a Nijar. Marigayi Mustafa Alasan ya yi haka tun 1962 da La Bague du roi Koda, ya ƙara da Samba le Grand a 1977 da ƴan tsana. Sarauniyar Lugu da ta tari sojojin Turawan mulkin mallaka Voulet da Chanoine a 1899, Abdullahi Mamani ya mayar da ita littafi a 1980, Med Hondo ya mayar da littafin fim a 1986, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Fespaco a 1987. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Lugu ba, kuma wannan yana ci mini rai har yau. Amma duniya ta ga macen Arewa tana jan maza zuwa yaƙi.

Abin da ya fi damuna yana kusa da gida. Wanda ya taɓa tsayawa wajen wasan bori a Arewa, daga Matankari har Tibiri, ya san iska namiji kan hau mace ta yi magana da muryar maza, iska mace kuma ta hau namiji ya ɗaura zane. Ƴan daudu kuwa mun san su a bakin tasha suna tuƙa tuwo, suna soya nama, suna ciyar da iyaye da ƙanne da kuɗin tukunya. To, me fim ɗin Hausa ya yi da su? Abin dariya. Marigayi Rabilu Musa ya yi Ibro Ɗan Daudu, aka sha dariya, tun daga nan kuma rangwaɗa da tafa hannu kawai ake nuna mana.

Ba na roƙon yaranmu masu ɗaukar fim da waya su kwaikwayi na waje. Gidan sarkin Turai da takalmin gilashi ba su da abin faɗa mana. Tatsuniyarmu cike take da marainiyar da kishiyar uwa ta wulaƙanta, da wanda gari ya raina sai ga shi shi ya kashe dodon rijiya. Ina son wani ɗan Dogon Dutsi ya ɗauki irin wannan, minti goma ma ya isa, ya sa wanda aka raina ɗin ya zama mai tuwon tasha, da sunansa da uwarsa da abin da ke hana shi barci. Mai wa'azi zai yi magana, na sani, wataƙila ma a hana nuna shi a gari. Duk da haka a yi shi, a tura ta WhatsApp, mutane su kalla su yi gardama a majalisar shayi.