Wa Ke Jin Hausar Mai Magana? Sharhi kan Littafin Tarleton Gillespie

A shekarar 2018 ne maɗaba'ar Jami'ar Yale ta fitar da littafin Tarleton Gillespie mai suna Custodians of the Internet, wanda ya zama ginshiƙi ga masu nazarin yadda ake mulkin dandalolin sada zumunta. Jigon littafin a fili yake. Kamfani irin su Facebook ba fili ne kawai da aka share wa jama'a ba. Tace magana, wato zaɓen abin da zai tsaya da abin da za a goge, shi ne ainihin aikinsa. Marubucin ya fayyace hanyoyi uku da ake bi: duban ma'aikata, ƙarar da masu amfani ke kaiwa, da ganowa ta na'ura. Ya kuma nuna kowacce da giɓinta. A wannan fanni aikin ya cancanci yabo.

Sai dai akwai rauni da manazarcin harshe ba zai kau da kai daga gare shi ba. Galibin misalan littafin daga Amurka suke, kuma an ɗauki harshe tamkar gilashi da ake hango ma'ana ta cikinsa ba wahala. Takardun da Frances Haugen ta fallasa a 2021 sun nuna illar wannan zato: kashi 87 cikin ɗari na lokacin da Facebook ya ware don tantance labaran ƙarya na Amurka ne.

A duba Hausa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kuma masu rubutu a waya sukan yar da ƙugiyar baƙaƙe, har "kasa" ta ɗauki ma'anar ƙasa, da gazawa, da macijiya. Kalmar "kashe" tana tafiya da rai, amma tana tafiya da kuɗi, da fitila, da aure. Bafillace kan ce wa Babarbare "bawana", kowa ya yi dariya, domin wasan barkwanci ne, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014. Na'urar da ta dogara da jerin kalmomi za ta hukunta wannan wasa, ta bar habaici ya wuce, alhali a cikin habaicin dafin yake. Ballantana ajami da saƙon murya, waɗanda ɗimbin jama'a suka dogara da su.

Dokar Tarayyar Turai ta 2022 ta tilasta wa manyan dandaloli bayyana yawan masu tace magana a kowane harshen hukuma na ƙasashenta. Hausa ba ta cikinsu. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan intanet kuwa, mai rubutu ta fi fuskanta, ba kamfani ba.

Saboda haka wani kaso na aikin ya rataya a wuyan cibiyoyin harshe. NaijaSenti, tarin saƙonnin Twitter da aka tantance a 2022, ya buɗe hanya, amma daga Nijeriya aka tattaro shi. Ana bukatar irinsa daga Maraɗi, da Damagaram, da Adar, tare da koyar da daidaitacciyar ƙa'idar rubutu a azuzuwan yaƙi da jahilci. Alƙalin da bai ji harshen mai ƙara ba, da bakin tafinta yake yanke hukunci.