Gumin Lebura Ya Shiga Fim, Saura Mai Tunanin

Ɗaukar mai tunani a fim abu ne mai wuya. Sarki na da doki, soja na da bindiga, to mutumin da aikinsa karatu da gardama, me kyamara za ta kama? Raoul Peck, ɗan ƙasar Haiti, ya samo mafita a fim ɗinsa na 2017 kan ƙuruciyar Karl Marx. Da daji ya buɗe, talakawa na tsintar itace, mahaya na far musu, don doka ta ce tsintuwar ma sata ce. Nan take mai kallo zai gane abin da ya harzuƙa matashin ɗan jarida a 1842. Sai abotarsa da Friedrich Engels a Paris a 1844, masaƙar mahaifin Engels a Manchester, bashi, kora daga ƙasa, da musu mai zafi da 'yan gurguzu irin su Weitling, har aka fitar da sanarwar 'yan gurguzu a 1848. A hannun Peck, ra'ayi ba daga sama yake faɗowa ba, daga yunwa da kuɗin haya yake tsirowa.

Fina-finan Nijar sun bi wata hanya. Lebura suka riƙe. Tun 1958, a Moi, un noir na Jean Rouch, Oumarou Ganda ya fito a matsayin ɗan ci-rani mai dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A 2016 Amina Weira ta kai kyamara Arlit, wurin tsofaffin ma'aikatan yuraniyom, har da mahaifinta. A 2021 Aicha Macky, 'yar Damagaram, ta shiga unguwar Kara-Kara da fim ɗinta Zinder, ta nuna samari majiya ƙarfi marasa aikin yi, wasu na ɗaga ƙarfe, wasu na fasa-ƙwaurin fetur. Aiki ne na gaskiya, kuma ina jinjina masa. Amma wanda ya zauna ya yi wa wannan wahala bayani, ya tara mutane a sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ba kasafai ake ganin fuskarsa ba.

Alhali Damagaram na da irinsa. Abdoulaye Mamani, haifaffen Gudumariya a 1932, ɗan ƙungiyar ƙwadago ne da ya wakilci Zinder, wato Damagaram, a majalisa ƙarƙashin Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary. Sawaba ta ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba-gardama ta 28 ga Satumba 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Mamani ya yi gudun hijira har Aljeriya, da ya dawo kuma gwamnatin Shugaba Kountché ta ɗaure shi. Ya rasu a haɗarin mota a 1993.

Abin lura, tunaninsa ya kai allo, amma sanye da rigar wani zamani. Littafinsa Sarraounia na 1980 shi Med Hondo ya mayar fim a 1986, a Burkina Faso aka ɗauka, ya kuma ci babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Labarin Sarauniyar Lugu ce da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ragowarta ta ci Damagaram a wannan shekarar. Dubi yadda fim ɗin ke tsayawa kan 'yan dakon da aka ɗaure da sojojin baƙar fata da ake yaudara da ganima. Idon ɗan sandika ne ke kallon tarihi. Sai dai jarumtar sarauniya ta fi saurin shiga zuciya, har ta rufe tambayar wa ke aiki, wa ke ci.

In za a yi fim kan masu tunanin Sawaba, a ganina fada ba wurinsa ba ne. Wurinsa tasha da kasuwa, inda direbobi, karnukan mota, teloli da ƙananan 'yan kasuwa suka riƙa kai saƙon jam'iyyar gari-gari. Kuma bai kamata ya zama waƙar yabo ba. Dole ya nuna ɗaukar makaman da Sawaba ta yi a 1964 da jinin da aka zubar, da gurnetin da aka jefa wa Shugaba Diori Hamani a filin Idi a 1965, da gardamar da ta kai masu neman haƙƙin talaka ga wannan shawara.