Masu Karatun Ishiriniya a Daura

Idan watan Gani ya kama a Daura, masu karatun Ishiriniya sukan taru a zauruka bayan lisha. Manoma ne da maɗinka da 'yan kasuwa, ba mai biyansu. Waƙar kuwa ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, wanda ya rasu cikin 1230. Kowane harafi ya yi masa baiti ashirin na yabon Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi.

Haɗin muryarsu abin yabo ne. Amma fa waɗansu sukan yi garaje, su haɗiye haruffa, har gasar murya ta danne ma'ana. Maganin wannan, malami ya riƙa fassara baiti da Hausa kafin a rera. Wanda ya san abin da yake faɗi, shi ne begensa ke fitowa daga zuci.