Gwanintar Sauke Ƙaramin Jirgi Cikin Duhun Dare

Wanda ya saba ganin manyan jiragen fasinja suna sauka da dare, fitilunsu na keta duhu tun daga nesa, zai ɗauka kowane jirgi haka yake. Ƙananan jirage masu inji ɗaya ba su sami wannan gata ba. Ga Cessna 172, jirgi mai kujeru huɗu da aka fara sayarwa a Amurka a 1956, aka kuma ƙera sama da 44,000, har babu jirgin da ya kai shi yawa a tarihi. Shekara da shekaru abin da ke haska masa ƙasa ƙwan fitila ɗaya ne ko biyu. Wanda ya fi shahara shi ne GE 4509, mai ƙarfin wat 100, wanda aka ƙiyasta masa aikin awa 25 kacal. Idan a hancin jirgi aka ɗaura shi, dab da inji, jijjiga takan tsinka siririyar wayar da ke cikinsa tun kafin ya cika awoyin nan. Sau da yawa matuƙi ba ya sanin ƙwan ya mutu sai lokacin da ya danna makunni yana shirin sauka.

Ko ƙwan na da rai, taimakonsa ƙalilan ne. Irin wannan jirgi yakan doso titi da gudun kimanin kilomita 120 a awa, wato mita 33 a kowace daƙiƙa. Idan fitilar ta nuna mita 100 a gaba, daƙiƙa uku ke nan tsakanin gani da isowa. Ga shi kuma fitilar a kafe take, inda hancin jirgi ya duba nan take dubawa. Da matuƙi ya ɗaga hanci don tayoyin baya su fara taɓa ƙasa, sai hasken ya bar kwalta ya koma sama. A tsofaffin jirage masu janareto, rage wutar inji yakan sa hasken ya dusashe, daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Dokar Amurka ma ba ta wajabta wannan fitila ba sai ga jirgin da ke aikin haya.

To, da me gwani yake sauka? A nan abin sha'awar yake.

Yakan fara da tanadin idonsa. Ido na bukatar kusan minti 30 kafin ya saba da duhu sosai, haske mai ƙarfi kuwa cikin ɗan lokaci yake rushe wannan sabo. Shi ya sa za ka ga ya rage hasken na'urorin gabansa, ya kuma guji kallon farar tocila. Ya san ƙwayoyin gani da ke tsakiyar ido sai da haske suke aiki, na gefe su ne ma'aikatan dare. Saboda haka ba ya ƙura wa abu ido kai tsaye. Yakan ɗan kauce da digiri 5 zuwa 10, yana zagaya kallonsa a hankali, sai abin da ya ɓuya ya bayyana.

Na biyu, ya san inda ido ke yin ƙarya. A ƙarshen shekarun 1960, bayan wasu haɗurran jiragen Boeing 727 da suka auku da dare, wani masani a kamfanin mai suna Conrad Kraft ya sa ƙwararrun matuƙa cikin na'urar kwaikwayon tuƙi. Ya sa su doso fili ta kan wuri mai duhu, fitilun gari na can gaba, ba tare da na'urar auna tsayi ba. Yawancinsu sun yi ƙasa fiye da kima, alhali suna ganin daidai suke. Matuƙa na kiran wannan yanayi baƙin rami: ruwa ko daji ne a ƙarƙashinka, babu ko ƙyallin wuta, sai titin kaɗai yana reto cikin duhu. Gwani ba ya jayayya da wannan bincike. Yana da lissafi a kansa: a gangara mai digiri 3, kowane mil ɗaya na ruwa da ya rage, ya kamata a ce yana ƙafa 300 sama da titi. Yakan duba na'urar tsayi, ya duba nisa, ya gaskata su ko da zuciyarsa na cewa ya yi sama da yawa.

Inda fili ke da fitilun PAPI, aikin yakan yi sauƙi. Fitilu huɗu ne a jere a gefen titi. Biyu farare biyu jajaye, kana kan hanya. Farare sun fi yawa, ka yi sama. Duka huɗun sun yi ja, ka yi ƙasa ƙwarai, sai a ƙara wuta nan take. Sauran fitilun ma kowace da saƙonta: kore bakin titi, fari gefensa, ja ƙarshensa, shuɗi kuma hanyar da jirgi ke bi bayan ya sauka. A ƙananan filaye da yawa na Amurka, inda babu ma'aikaci da dare, matuƙi da kansa yake kunna su daga sama. Ya danna makunnin rediyo sau bakwai cikin daƙiƙa biyar, su kama da cikakken haske na minti 15.

Sai daƙiƙun ƙarshe, inda ake bambance gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan kafa ido a ɗan da'irar hasken da ke gaban hancin jirgi, sai ƙasa ta taso masa ba zato, ko dai ya buga ta da ƙarfi, ko ya ja sitiyari da wuri jirgin ya faɗo daga sama. Gwani kuwa can ƙarshen titi yake kallo, gefen idonsa na karanta fitilun hagu da dama, waɗanda tazararsu ba ta wuce mita 60. Idan fitilarsa na aiki, da ya fara ganin baƙin sawun tayoyi a kan kwalta ya san lokacin ɗaga hanci ya yi. Idan ta mutu, sai ya jira har fitilun ƙarshen titi su yi kamar suna tasowa sama da hancin jirgi. Daga nan ba ya kashe wutar inji gaba ɗaya. Yakan bar 'yar kaɗan, ya riƙe hancin a ɗage, ya bar jirgin yana nitsewa sannu sannu, kamar mai saukowa daga bene cikin duhu yana laluben matakin ƙarshe da ƙafa. Hannunsa ɗaya a sitiyari, ɗaya a totur, kunnensa na sauraren inji, har tayoyi su taɓa kwalta.

Wani lokaci ma da gangan yake kashe fitilar. Cikin hazo, hayaƙi ko ƙura, hasken kan dawo wa matuƙi a ido ya rufe masa fitilun titi. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, a kan ƙananan jirage suke koyon tuƙi, ƙarƙashin sararin da hunturu ke cika shi da ƙura kowace shekara.

Abin da ya fi burge ni a halin waɗannan mutane shi ne ba sa jin kunyar fasa sauka. Idan tsayi bai yi daidai ba, ko wata inuwa ta gitta wadda ƙila dabba ce, sai a ba inji cikakkiyar wuta, a tashi, a zagayo a sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Babu wanda aka haifa da wannan hannu. A Amurka, mai neman lasisin farko sai ya yi awa uku na horon dare da tashi da sauka goma. Bayan ya samu ma, ba zai ɗauki fasinja da dare ba sai ya yi tashi da sauka uku da dare cikin kwana 90 da suka wuce. Malaman kirki sukan kashe wa ɗalibi fitilar da gangan, suna zaune a gefensa, don kada ya fara haɗuwa da wannan duhu ranar da iyalinsa ke kujerar baya.

Yau fitilun LED sun kawo sauƙi mai yawa: sun fi haske, ba sa shan wuta sosai, jijjiga ba ta kashe su, kuma suna yin dubban awoyi. Duk mai ƙaramin jirgi da ke da hali ya kamata ya sauya. Amma waya na iya tsinkewa, lantarkin jirgi na iya ɗaukewa, hazo kuma bai san sabuwar fitila ba. Saboda haka, matasanmu masu burin tuƙin jirgi, ku roƙi malamanku su koya muku sauka babu fitila, ku kuma riƙa maimaitawa har hannu ya saba. Matuƙin da ya iya wannan shi ya cancanci a ba shi amanar rayuka da dare.