Jinjina ga Masu Dafa Wake a Dilimi

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ya san sanyin da ke ratsa ƙashi. A irin wannan safiya, kafin masu kayan gyaran mota na Dilimi su buɗe shaguna, tuni wata uwa ta hura wuta ta ɗora tukunyar wake.

Aikin kuwa tun jiya ya fara. Ta zauna da faifai a cinya tana tsince tsakuwa da ƙwayoyin da ƙwaro ya huda, ɗaya bayan ɗaya. Wake ba ya son gaggawa, balle a garin da ke kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, inda ruwa kan tafasa amma girki ya yi jinkirin nuna. Sai ta jefa 'yar kanwa, ta gyara itace, ta jira. In ya yi laushi ta zuba manja da albasa da attaruhu.

Na ga wani yaron makanike, hannunsa duk baƙin mai, ya karɓi kwanonsa ya ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta ƙara masa cokali guda ba tare da ya roƙa ba. Ya ci har gumi ya tsattsafo masa a goshi.